Bargon Hawai da muka ɗinka daga ƙunshin kanti: namu ne ko na mai zanen?

Maman Ummi (Houston):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan tunda gidan nan ba a rasa masu allura.

Shekara uku ke nan da muka kama ɗinkin bargo irin na Amurkawa a gidanmu, wanda suke kira kwilt. Ga wadda ba ta san shi ba, shimfiɗa uku ake haɗawa: ƙyallen sama mai ado, auduga a tsakiya, sai yadin baya, a bi su da allura a game su wuri guda. Da ni kaɗai nake yi. Daga baya Ummi ta shigo, shekararta 14 yanzu. Da Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, ta zo daga Zariya jinyar gwiwa ta zauna da mu, ita ma ta karɓi allura. Bayan isha'i haka za ku gan mu mu uku a falo, Hajiya da takwararta suna hira, waya tana can a ajiye ba mai tuna ta.

Bara na sayo wani ƙunshi a kanti, irin wanda komai yana ciki: jan yadi da fari, auduga, zare, allurai, takardar zane da bayanin yadda ake yi. Zanen na mutanen Hawai ne, wasu tsibirai na Amurka a tsakiyar teku, ganyen wata bishiya da 'ya'yanta, suna ce mata ulu. Wata takwas muka yi a kansa, duk da hannu. Ƙungiyar mata masu ɗinki ta yankinmu za ta yi baje koli, sai na kai shi don a rubuta sunan Ummi. Wata mata a wurin ta ce mini abu biyu: wai a al'adar Hawai ɗaukar zanen wani sata ce, kuma wai aikin ƙunshi ba abin shiga gasa ba ne. A gaban yarinyar ta faɗa. Har muka dawo gida Ummi ba ta ce uffan ba.

To don Allah ku gaya mini gaskiya. Mun yi laifi ne? Kuma bargon nan namu ne ko ba namu ba?

Goggo Asabe (Kano):
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni fa tun daga sayen ƙunshin kaina ya ɗaure. Mu da muka taso, ƙyalle wurin tela ake aiken yaro ya kwaso a buhu, a cusa matashi, a yi wa 'yartsana zane, a haɗa shimfiɗar jariri. Yanzu kuma a ce wani ya zaɓa miki launi, ya zana miki, ya auna miki, ke naki kawai bin layi? Kada ki ji haushina, amma kayan aro ba ya rufe katara. Ku rataye shi a ɗaki ku ji daɗinsa. Gasa kuwa a bar wa wadda abin ya fito daga kanta.

Malam Sani Tela (Damagaram):
Goggo, a gafarce ni, ina da ja. Babbar rigar da ake yi wa aiki, aska takwas ko aska biyu, wa yake zana ta? Mai zane daban, mai ɗinki daban. Hula ma haka, a kai wa mai zane ya fitar da layi, mata su zauna a tsakar gida su cike da zare. Ke kanki kin ɗinka hula fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ranar da aka yaba kyan wata hularki, kin taɓa cewa a je a yaba wa mai zane, ke ba ruwanki? Aska takwas kuma ba wanda ke raye yau da ya ƙirƙire ta, kowa gada ya yi.

Goggo Asabe (Kano):
Malam Sani, hula ni nake zaɓar zarena, ni nake sanin inda zan sa shuɗi da inda zan sa ruwan ƙasa. Nan kuwa har launin an zaɓa mata.

Malama Hadiza (Kaduna):
Maman Ummi, sannu da haƙuri. Na zauna a Honolulu, babban birnin Hawai, shekara huɗu lokacin da maigidan yake karatu, kuma a can na koyi wannan ɗinkin a hannun tsofaffin matan garin. Abin da matar nan ta gaya miki yana da tushe, sai dai ta ɗora shi inda bai zauna ba. Bari in ɗan ja da baya.

Kafin zuwan Turawa mutanen Hawai ba saƙa suke yi ba. Ɓawon wata bishiya mai suna wauke suke jiƙawa, su yi ta bugu har ya baje ya zama kamar yadi, suna kiransa kapa. Na kwanciya kuwa, kapa moe, falle-falle ne ake jerawa a ɗinke gefe ɗaya, a yi wa na saman ado. Ke nan mayafi mai hawa-hawa ba baƙonsu ba ne. A 1820 'yan mishan daga arewa maso gabashin Amurka suka iso a wani jirgin ruwa mai suna Thaddeus, matansu suka fara nuna wa matan gidan sarauta ɗinkin haɗa ƙyallaye. To su mutanen tsibirin ba su da tarin ragowar yadi irin na Amurkawa, yadi sabo suke samu daga jiragen fatake. Sannu a hankali suka fito da nasu salon, wanda bai yi kama da na kowa ba: launi biyu kacal, a ninke yadin sama gida takwas, a yanke zanen lokaci guda, a buɗe shi a kan farin, sai ga fure ɗaya ƙato ya bazu ko'ina daidai. A bi bakinsa ana tura shi ciki da tsinin allura ana ɗinkewa. Bayan an sa auduga sai a riƙa zagaye zanen da layin ɗinki, layi bayan layi, tazarar kamar faɗin yatsa, har a kai bakin bargon. Malamarmu takan ce haka igiyar ruwa take zagaye tsibiri.

Yanzu maganar sata. A da, mace takan zana nata, ta raɗa masa suna, sau da yawa da wata ma'ana ɓoyayya da ita da danginta kaɗai suka sani: haihuwa, rasuwa, soyayya, wani wuri da take kewa. Zanen na gidan ne. Idan wata ta hango shi a shanya ta je ta kwaikwaya ba izini, abin kunya ne babba, har akan yi mata habaici. Wannan shi ne abin da matar ta ji. Amma zanen da mai shi ya buga a takarda ya sa a kasuwa don a saya a ɗinka, ai ya ba da izini ke nan. Su kansu masu koyarwa 'yan asalin Hawai suna sayar da littattafan zane da ƙunshi. Ulu kuma shi ne abin da ake fara ba ɗalibi, saboda bishiyar abinci ce a wurinsu, suna ganin wanda ya fara da ita zai ci gaba da ɗinki cikin wadata. Ni ma da shi na fara, ɗan na matashi.

Abin da zan ce ki duba ɗaya ne: sunan wa ke jikin takardar zanen? Ki rubuta shi a katin da za a liƙa kusa da bargon.

Malam Nura (Gusau):
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni wani gefen ne ya dame ni. Na taɓa jin cewa suna ɗauka ruhin mai ɗinkin yana shiga cikin bargon, har ba a zama a kansa, wani ma a ƙone shi ko a binne mai shi da shi. Ga kuma wannan na cewa wanda ya fara da ulu zai wadata. Musulma ta shigo da irin wannan gidanta, ba a taɓa akida ba?

Malama Hadiza (Kaduna):
Malam, gaskiya ne akwai masu wannan fahimtar a cikinsu, kuma rashin zama a kan bargon na gani da idona, sai an naɗe shi gefe kafin a hau gadon. Amma ɗinki sana'a ce, yadi ne da zare. Ni da na koya ban ɗauko camfin ba, ban kuma raina matan da suka koya mini ba. Arziki na Allah ne, ba ya cikin ganye. Wani abin da ya sa ma hankalina ya kwanta da salon: tsohon zanensu galibi tsirrai ne, ganye da fure da 'ya'yan itace, ba su cika sa siffar mutum ko dabba ba. Ya fi mini sauƙin ratayewa a ɗakin da nake salla fiye da wasu barguna na Amurkawa masu karnuka da 'yan tsana.

Malam Nura (Gusau):
To madalla. In dai niyya ado ce da sana'a, ban ga abin cewa ba. Allah ya sa mu dace.

Anti Rabi (Birmingham):
Ni bari in taɓa ɓangaren gasa, don kusan kowace shekara ina zuwa babban baje kolin barguna da ake yi a nan garin lokacin zafi, na kuma taɓa sa nawa a ƙananan na unguwa. Ba doka ɗaya ba ce ko'ina. Kowane baje koli yana da takardar sharuɗɗansa. Wasu ba sa karɓar aikin ƙunshi a gasar kyauta, wasu sun ware masa rukuni, wasu suna karɓa muddin an bayyana. Akwai rukunin yara, akwai na aikin haɗin gwiwa, akwai kuma rataye don kallo kawai ba alƙalanci. Maman Ummi, matar nan ita ce mai karɓar rajista ko 'yar ƙungiya ce kawai? Ki nemi takardar ki karanta da kanki.

Sai dai akwai inda zan tsaya miki a wuya, 'yar'uwa. Kin ce ku uku kuka ɗinka, amma sunan Ummi kika je rubutawa. Nan ne gyara yake. A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasar barguna a bikin baje kolin duniya na Chicago, aka shigar da sama da 24,000, lokacin ana cikin matsin tattalin arziki, mata suna ɗinki da buhun fulawa da na abincin kaji. Wadda ta ci babbar kyautar, Margaret Caden daga jihar Kentucky, daga baya ta tabbata wasu mata ta biya suka yi mata aikin, sunansu bai fito ba. Har yau masu tarihin ɗinki suna ambaton wannan. Shi ya sa takardun shiga gasa suke tambayar wa ya zana, wa ya haɗa saman, wa ya yi ɗinkin gamewa. Yanzu ma da yawa sukan haɗa saman su kai wa mai babban keke ya game musu, kuma dole a rubuta sunansa.

Maman Ummi (Houston):
Anti Rabi, kin yi gaskiya, na karɓa. Na so ne yarinyar ta ji ƙarfin gwiwa, Hajiya kuma da na tambaye ta cewa ta yi ita me za ta yi da suna a bango, a sa na takwararta. Amma kusurwoyin ganyen nan masu shiga ciki, inda yadi ke son zarewa, duk Hajiya ce ta yi su. Ummi ta yi yawancin layukan zagaye. Ni na yi yanka da ɗinkin riƙo da baki. Matar kuma ba ita ce shugaba ba, tana taimakawa ne a teburin rajista.

Goggo Asabe (Kano):
Af, ashe yankan ma ku kuka yi? Na ɗauka a yanke ya zo.

Maman Ummi (Houston):
A'a Goggo, yadin a dunƙule ya zo. Ninki takwas kike yankawa lokaci ɗaya, in almakashi ya kauce sau ɗaya ya kauce a wuri takwas. Sai da na yi kwana biyu ina gwadawa da tsohuwar jarida kafin na taɓa yadin.

Goggo Asabe (Kano):
To wannan kam aiki ne, ban musa ba. Amma ina nan kan bakata game da kyauta. A rataye a gani, a yaba hannu. Kyautar farko ta mai sabon zane ce.

Baba Ɗanladi (Katsina):
Ina ta karatu ina jin ana cewa ɗinkin Amurkawa, ɗinkin Amurkawa. Jama'a, ku tuna da lifidi. Yadi sama, yadi ƙasa, a cusa audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki don kada ta tattare wuri guda, a sa wa doki da mahayinsa saboda kibiya da mashi. Sarakunan ƙasar Hausa da Barno da shi suka yi yaƙi, kuma duk wanda ya je hawan salla ya ga 'yan lifida da jan nan da kore da rawaya. Kakana yana cikin masu gyaransa. Dabarar gamewar ɗaya ce, mu doki muka yi wa, su gado. Ku gaya wa Ummi wannan, kada ta ga kamar ta shiga gonar da kakanninta ba su taɓa nomawa ba.

Hajiya Memuna (Nima, Accra):
Baba ya tuna mini. A Laberiya ma akwai mata masu wannan ɗinkin har gobe, waɗanda suka gada daga bayin da aka 'yanta suka dawo daga Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Martha Ricks, ta je Ingila a 1892 tana tsohuwa, ta kai wa Sarauniya Biktoriya bargon da ta ɗinka da zanen bishiyar kofi. Ita ma abin da ke gonarta ta zana.

Malama Hadiza (Kaduna):
Hajiya, wannan kalmar taki ta ƙarshe ita ce zuciyar salon Hawai, kowa abin da ke ƙofar gidansa yake zanawa. Kuma akwai dalilin da ya sa wasunsu suke da zafi a kan abin, wanda ya kamata mu sani ko da matar can ba ta iya faɗa ba. A watan Janairu 1893 wasu 'yan kasuwa Turawa da goyon bayan sojojin ruwan Amurka suka tumɓuke sarauniyar Hawai, Liliuokalani. A 1895 aka tsare ta a wani ɗaki na saman fadarta, fadar Iolani, kusan wata takwas. A cikin ɗakin nan ita da matan da ke tare da ita suka fara wani bargo na guntayen siliki da ƙyallayen sutura, aka ɗinka ranar haihuwarta da ranar hawanta da ranar sauke ta a jiki. Yana nan a ɗakin cikin gilashi. Ranar da na tsaya a gabansa sai da na share hawaye. A 1898 Amurka ta haɗe tsibiran, aka sauke tutarsu. A shekarun nan barguna masu tuta suka yawaita a gidaje: tutar Hawai huɗu a gefuna, tambarin sarauta a tsakiya, suna kiransa da abin da ke nufin tutata abar ƙaunata. Mutum ya kwana a ƙarƙashin tutar da aka sauke daga fada.

To ku duba mutanen da wannan ne tarihinsu, yau kuma kantunan 'yan yawon buɗe ido cike da barguna masu zanensu da aka ɗinko a Filifin ana sayarwa da araha, alhali ta gida tana shekara ko fiye a kan babba guda ɗaya. Mu da muka ga abin da kwaikwayon atamfa ya yi wa masaƙun Kaduna da Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba. Don haka ni iyakata ita ce: ki koya, ki ɗinka, ki ba 'ya'yanki, ki nuna tare da sunan mai zane. Amma kada ki ɗauki zanen ki mayar da shi haja.

Anti Rabi (Birmingham):
Malama, a nan mun ɗan rabu. In mai zanen ya rubuta a takardarsa cewa an yarda a sayar da abin da aka ɗinka, ban ga laifin wadda ta yi wata takwas tana aiki ta karɓi kuɗin guminta ba. Yawancinsu suna rubuta sharaɗin a bayan ƙunshin. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce wa mai saye aikin 'yan Hawai ne.

Malama Hadiza (Kaduna):
Ta fuskar doka kina da gaskiya Anti. Ni dai zuciyata ba za ta ba ni ba, saboda na ci abinci a gidajen matan nan.

Zainabu (Yamai):
Iyayena, ni ƙaramarku ce a nan, sha'awa ta kama ni. Ƙunshin nan ba a samunsa a wurinmu, in an aiko kuma kuɗin jirgi ya fi kayan. Da me zan fara? Atamfa za ta yi?

Malam Sani Tela (Damagaram):
Ƙanwata, ba ki buƙatar ƙunshi. Na Hawai dai yadi marar zane yake so, auduga zalla, mai laushi, launi biyu masu nisa da juna. Atamfa zanenta zai cinye zanen. Ki ajiye ta don ɗaya salon na haɗa murabba'ai, nan kam ba abin da ya kai ta kyau, kuma kowane tela zai ba ki ragowa. Abu ɗaya kada ki manta: ki wanke jan yadin shi kaɗai, ki sake wankewa har ruwan ya fito fari, kafin ya kusanci farin yadi. Na ga aikin wata uku ya lalace a wanki ɗaya.

Maman Ummi (Houston):
Zainabu, ki fara da na matashi, kamar inci 22 kowane gefe. Abin da ke cikin ƙunshin da ba ki da shi takardar zane ce kawai. Ƙunshin ɗaya salon ma ba wani sirri ba ne, yadi ne aka yayyanka: murabba'i mai inci 5, ko mai inci 10, ko dogayen tsiri masu faɗin inci biyu da rabi a naɗe, kuma rubu'in inci ake barin bakin ɗinki. Da almakashi da abin awo kin gama.

Jama'a, na gode ƙwarai. Na kira shugabar ƙungiyar ɗazu. Ta ce aikin ƙunshi ba ya shiga gasar kyauta a wurinsu, amma akwai bangon aikin iyali da ake ratayewa don kallo, kuma suna maraba da namu. Na duba takardar, sunan mai zanen yana nan a ƙasa, mace ce daga tsibirin Oahu. Za a rubuta nata, sannan namu mu uku. Hajiya ta ce in dai tare da na takwararta ne ta yarda.

Na karanta wa Ummi abin da Baba Ɗanladi ya rubuta, ta sa na nemo mata hoton 'yan lifida. Na karanta wa Hajiya na Goggo Asabe, ta ce a gaishe ki, kuma wai kin fi kowa gaskiya, na gaba nasu za su zana. Tun la'asar suke kan tebur da jarida da almakashi. Hajiya tana son ganyen kuka, mai yatsu biyar, da 'ya'yan suna reto, irin ta bayan gidansu a Zariya. Ummi tana son zogale.

Malama Hadiza (Kaduna):
Su fara da kukar. Ganyen zogale ƙanana ne, kowane ɗaya sai an tura bakinsa da allura, ga shi sau takwas. Kuma ki gaya musu reshen ya taɓa gefen ninkin takardar ta ɓangarorin biyu, in ba haka ba suna buɗewa zai warwatse gida takwas. Igiyar da ɗan kukar ke reto a jikinta kada ta gaza faɗin yatsa, don sai an ci daga kowane gefe wurin naɗewa.

Goggo Asabe (Kano):
Ina amsawa. Ki ce wa Hajiya kore mai duhu a kan fari, kada a sa ja, kuka ba ta ja. In sun yanke na jaridar ki ɗauko mana hoto a buɗe, ina so in ga yadda 'ya'yan suka zauna a kusurwa.